Darasi Na Goma Sha Huɗu: Idan Ɗanka Ya Ce Soja Zai Shiga

Duk shekara, da zarar an ji sanarwar ɗaukar sojoji a rediyo, shagunan intanet na Funtua da Malumfashi sai su cika maƙil da samari. Kowa da ambulan a hannu: sakamakon jarrabawar sakandare, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, ga lambar NIN a rubuce a jikin wata 'yar guntuwar takarda. Da yawansu daga ƙauyukan Bakori da Danja da Kafur da Faskari suka fito, kuɗin motar ma sai da aka auna masara aka kai kasuwa. In ka tsayar da ɗaya ka tambaye shi wace makaranta yake nema, sai ya ce maka, "Ta soja." In ka bi shi gida ka tambayi mahaifinsa, amsar ke nan.

Wannan darasi naku ne, ku iyaye da yayye da kawunnai, domin ku ake kawo wa takardar amincewa a ce ku sa hannu ko ku dangwala. Aikin soja ƙofofi gare shi da yawa. Ƙofar da yaro ya bi ita ke yanke muƙamin da zai fara da shi, da tsawon horonsa, da shekarun da hukuma za ta riƙe shi. Bai kamata babban mutum ya dangwala yatsa a kan abin da zai ɗauke masa ɗa shekara da shekaru ba, alhali bai san ko wace ƙofa ce ba.

Ƙofar hafsoshi da ƙofar kurata

Babbar ƙofa ita ce makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, wadda kowa ya sani da NDA. An kafa ta a 1964, kuma shugabanta na farko wani birgediya ne daga Indiya, M.R. Varma. Kafin ita, ƙasashen waje ake tura samarinmu su ƙarasa horon hafsoshi. Hassan Usman Katsina da Shehu Musa 'Yar'aduwa sun yi Sandhurst a Ingila, Muhammadu Buhari kuma ya yi makarantar Mons, ya fito hafsa a 1963. Tun 1985 NDA ta fara ba da digiri, saboda haka yau jami'a ce kuma bariki ce a lokaci guda. Tsohon mazauninta yana barikin Ribadu a cikin gari, sabon kuma yana Afaka, gaba da Mando.

Mai son NDA sai ya rubuta JAMB ya zaɓe ta a matsayin ta farko. Ana son kiredit biyar har da Turanci da lissafi, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba, shekarun haihuwa kuma daga 17 zuwa 21, kuma marar aure. Bayan JAMB akwai jarrabawar makarantar kanta, bayanta kuma akwai kwamitin tantancewa inda ake auna tsawo, a duba ido da jini da ƙirji, a sa gudu, a yi tambayoyi baki da baki. Ana raba gurabe tsakanin jihohi, don haka ɗan Katsina da 'yan Katsina yake takara. Wanda ya samu shiga ɓangaren sojan ƙasa zai yi shekara biyar: huɗu na karatun digiri haɗe da horo, ta biyar ta horon soja zalla. Ranar da ya fito, da anini a kafaɗarsa zai fito, sakan laftanar, kuma samanjan da ya yi shekara ashirin yana aiki zai sara masa. Tun 2011 ana ɗaukar 'yan mata a wannan kwas.

Ƙofa ta biyu ita ce ta kurata, wato Daffo ta Zariya, a barikin Chindit. Ta girmi NDA nesa ba kusa ba, tun 1924 take. Sunan barikin ma daga yaƙin Boma ya samo asali, daga wata runduna da sojojin Najeriya suka yi yaƙi a cikinta a dazuzzukan ƙasar a Yaƙin Duniya na Biyu. A Daffo babu JAMB, babu digiri. Wata shida ake yi ana horo mai tsanani, yaro ya fito farabiti, ba igiya ko ɗaya, ya fara karɓar albashi. Daga nan sai hawa a hankali: las kofur, kofur, saje, har zuwa samanja in rai ya kai kuma hali ya yi kyau. Sojan sama suna horar da nasu kuratan a Kaduna, sojan ruwa kuma a Onne ta Jihar Ribas.

A nan ne gidaje da yawa suke yin kuskure. Yaro yana da kiredit ɗinsa cif, shekarunsa 18, kansa na ja, amma don an gaji da zamansa a gida ana son ya fara kawo wani abu, sai a tura shi Daffo. Ba laifi ba ne shiga Daffo. Kurata su ne ƙashin bayan runduna, kuma akwai hanyar da soja mai ƙwazo kan bi ya zama hafsa daga baya. Amma hanya ce mai tsawo, masu nema sun fi guraben yawa. A ganina, yaron da takardunsa suka isa NDA, shekarunsa kuma ba su wuce ba, a bar shi ya gwada ta sau ɗaya ko sau biyu tukuna. Daffo tana karɓa har shekara 22, mai sana'ar hannu kamar direba ko makaniki ko tela ma har sama da haka.

Akwai kuma makarantar sakandaren soja ta Zariya, NMS, wadda aka fara a 1954 a matsayin rundunar yara. Yaro namiji da ya gama firamare ake ɗauka, ya yi shekara shida cikin kaki. Tunde Idiagbon da David Mark duk can suka yi. Wanda ya gama ta yana da damar zama soja, kuma da yawansu sukan wuce NDA. Ku lura da nauyin wannan: yaro ɗan shekara goma sha biyu bai san abin da yake zaɓa ba, ku ne kuke zaɓar masa.

Wanda ya riga ya gama jami'a ko ya yi babbar difloma, ya yi bautar ƙasa, yana da tasa ƙofar: gajeren kwas na watanni da ake yi wa likitoci da injiniyoyi da lauyoyi da malamai da limamai, su fito hafsoshi. Saboda haka yaron da ransa ke kan likitanci ba sai ya bar burinsa don kaki ba. Ya yi likitancin, kakin na jiran sa.

Sai waɗanda ake ruɗewa a kansu. Makarantar 'yan sanda ta Wudil a Jihar Kano tana ba da digiri, ana shekara biyar, a fito da muƙamin ASP, amma ɗan sanda ake fitowa, ba soja ba. Jami'ar Sojan Ƙasa ta Biu da aka buɗe a 2018, da kwalejin fasaha ta sojan sama da ke Kaduna, AFIT, suna ɗaukar farar hula su koyar da su su sallame su farar hula. Haka makarantun sakandare na Kwamand. Kada wani ya ce muku ɗanku ya zama soja don ya samu gurbi a ɗayansu. Rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Katsina ta kafa a 2023 ita ma aikin jiha ce, dabam take da rundunar sojan tarayya.

Karatun kyauta, da abin da ake biya da shi

Abin da ke jan hankalin talaka zuwa NDA a fili yake. Ba kuɗin makaranta, ga abinci, ga wurin kwana, ga sutura, ga magani, ga ɗan alawus, kuma ranar da aka gama aiki na hannu, ba yawon neman aiki. A zamanin da mai digiri ke tuƙa babur ɗin haya a Funtua, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai duk manomi ya san takin bashi. Da damina ana sauke maka buhuna a ƙofar gida ba ka ba da ko sisi ba, amma da kaka mai taki zai zo da awonsa, kuma bai damu da ko ruwa ya ɗauke da wuri ba. Karatun soja haka yake, illa dai da shekaru ake biya. Ƙa'idojin aikin soja sun daɗe suna cewa hafsa sai ya yi shekara 15 yana aiki kafin ya nemi ajiye aiki don kansa. A 2025 kotun ma'aikata ta ƙasa da ke Abuja ta yanke hukuncin cewa wannan sharaɗi ya saɓa wa tsarin mulki, a ƙarar da wani hafsan sojan sama ya shigar. Duk da haka, wanda zai shiga ya shiga da lissafin doguwar tafiya, ya kuma karanta sharuɗɗan da ke cikin takardar da aka ba shi a shekarar da ya shiga, don su za a riƙe shi da su. Kurtu shi ma yana sa hannu a kan wa'adin shekaru. In sun cika ya nemi sabuntawa ko sallama, kuma hukuma ce ke da ta cewa. Iyakar aikin duka shekara 35 ne.

Mu yi lissafin tare. Yaro ya shiga NDA yana da shekara 19. A tara biyar na makaranta, 24. A tara 15, ya zama 39. Uban da ke da shekara 55 ranar da ya raka shi tasha, zai kai 75. A tsakanin nan damina ashirin ce za ta wuce ba hannun wannan yaro a gandu: ba shi a sassabe, ba shi a huɗa, ba shi a maimai, ba shi a tsinkar auduga. In shi ne babba, ko shi kaɗai ne namiji, wa zai riƙe gonar? In albashinsa zai biya 'yan ƙwadago, to, a faɗi haka tun yanzu, a san nawa ne. Wannan magana ce da ya kamata a yi ta a zaure, da ƙannen uba a zaune, tun kafin a cike fom.

Ba a Najeriya kaɗai ake wannan ciniki ba. A Amurka, wanda ya gama makarantar West Point, wadda ke nan tun 1802, ko ta sojan ruwa da ke Annapolis, karatunsa kyauta ne, amma dole ya yi aƙalla shekara biyar a bakin aiki. Ko'ina ƙasa ta ɗauki nauyin karatunka na soja, tana bin ka shekaru.

Bayan shekaru akwai 'yanci. Ma'aikacin gidan gurzar auduga in ya gaji ya ce ya bari, ya ɗauki hularsa ya tafi. Soja in ya yi haka ya aikata laifi a ƙarƙashin dokar rundunonin soja. Za a neme shi, a kama shi, a gurfanar da shi gaban kotun soja. Ko bikin ƙanwarsa ne, ko rasuwar mahaifiyarsa, sai da takardar izini zai taho, kuma in yana bakin daga ana iya hana shi. Ɗalibin NDA ba ya aure har ya gama, in ya fito ma ƙaramin hafsa ko ƙaramin soja sai ya nemi izinin hukuma. Gidan da aka riga aka kai kuɗin gaisuwa, a gaya wa iyayen yarinya gaskiya, kada a bar 'yar mutane tana jira ba ta san iyakar jiran ba. Ga 'ya mace da ke son shiga, wannan lissafin na aure shi ne farkon abin da za a zauna da ita da mahaifiyarta a yi.

Ba a gida za a ajiye shi ba

Akwai wata magana da ake yawan ji daga bakin samarin yankinmu a 'yan shekarun nan, kuma tana da ban tausayi. Yaron da ya ga an kore shanun gidansu, ko aka biya kuɗin fansar yayarsa, ko gonarsu ta yi shekaru ba a shiga ba saboda 'yan bindiga, sai ya ce zai shiga soja ya dawo ya kare garinsu. Duk wanda ya ga abin da ya faru a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, lokacin da aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai daga makarantar kwana, ko ya san halin da ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Dandume suka shiga, ba zai ga laifin wannan yaro ba. Zuciyarsa mai kyau ce.

Amma a gaya masa gaskiya. Soja ba ya zaɓar wurin aiki. Ana iya kai shi Borno ko Yobe, ko Filato, ko fadamun Neja Delta, ko kudu maso gabas, ya yi shekaru bai taka Jihar Katsina da bindiga ba. Akwai birged ta 17 a Katsina, amma zama ɗan jihar ba ya sa a tura mutum can. Ana ma iya fitar da shi ƙasar gaba ɗaya, kamar yadda aka kai na gabansa Kwango a 1960, da Laberiya a 1990, da Saliyo, da Darfur. Haka zaɓen runduna a NDA: yaro zai rubuta wadda yake so, ta ƙasa ko ta ruwa ko ta sama, amma hukuma ke yankewa. Wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Mairuwa ba yana iya samun kansa a jirgin yaƙi a teku.

Kuma wanda ya shiga don ramuwa, da wuya ya zama sojan kirki. Bindigar da za a ba shi ta hukuma ce, da umarni ake harba ta, kuma wata rana za a sa shi gadin mutanen da yake ganin daga cikinsu maɓarnata suka fito. In zafin zuciya ne kaɗai ya kawo shi, ko dai ya karaya ko ya yi ɓarna.

Haka nan masu tura gagararren yaro soja "don a gyara shi". Bariki ba gidan mari ba ne. Ana gwajin jini da fitsari, mai shan ƙwaya ana gane shi a kore shi, in ma ya tsallake to an damƙa makami a hannun wanda bai iya riƙe kansa ba.

Sai maganar da ba a son yi. A cikin takardun da yaro zai cike akwai wurin rubuta magaji, wanda za a nema in ta Allah ta kasance. Ba don ado aka sa wurin ba. Kowace ranar 15 ga Janairu ƙasa na tunawa da sojojin da suka rasu, kuma a garuruwanmu akwai gidajen da ba sa bukatar a tuna musu. Ko makarantar kanta ba ta tsira ba: a watan Agusta na 2021 'yan bindiga sun shiga NDA a Afaka, suka kashe hafsoshi biyu suka tafi da ɗaya. Ajali ba ya wuce lokacinsa, a gona ko a bakin daga, wannan mun yi imani da shi. Amma uwar da za ta yi shekaru tana firgita duk sanda waya ta yi ƙara da dare, tana da haƙƙin a nemi yardarta da gaske, ba a sanar da ita bayan an gama ba. A kuma tabbatar sunan magajin da aka rubuta daidai yake da na katin shaidarsa, harafi da harafi, domin a nan haƙƙin marayu da yawa ke maƙalewa.

A je a gani

Gani ya kori ji. A Amurka iyaye kan ɗauki yaro su zagaya makarantun soja kafin ya zaɓa, har ya kwana tare da ɗalibai. Mu nan ba haka abin yake ba. Bariki ba a shigarta don yawon buɗe ido. Amma mu mutanen kudancin Katsina mun yi sa'a, domin kusan duk makarantun nan a maƙwabtanmu suke. Daga tashar Funtua, mota ɗaya ce ta Giwa da Shika ta sauke ka Zariya, inda Daffo da NMS suke. Daga Kwangila ka hau ta Kaduna ka sauka Kawo, ka nemi ta Mando, ka kai Afaka. Daga Malumfashi kuwa, ta Dayi da Gwarzo ka shiga Kano, ka wuce Wudil. Duk tafiyar yini ce. A fita da sassafe, a dawo da rana tsaka ko a kwana, kada a yi dare a hanya.

Ranar da ta fi dacewa ita ce ranar faretin yaye ɗalibai, domin ranar ce iyalai ke shiga. In ɗan unguwarku ko ɗan wani ɗan'uwa zai fita, ku roƙi arziki a tafi da ku da yaronku. Makarantun yara kuma suna da ranar ziyara. Ku tafi da katin shaida, ku yi sallama ga mai gadin ƙofa ku faɗi wurin wanda kuka zo, kuma kada yaro ya ɗaga waya ya ɗauki hoton ƙofa ko na soja ba izini.

Faretin zai burge ku, dole. Badujala na tashi, takalma na sauka ƙasa kamar ƙafa ɗaya, takubba na walƙiya, iyaye mata na guɗa. Amma ba wannan kuka zo gani ba. Ku jira a watse. Ku matsa kusa da yaron da ya fito, ku dubi wuyansa yadda ya zube, da kansa da aka aske ƙwal, da tabon da ke gwiwar hannunsa na rarrafe a kan tsakuwa. In ya cire takalmi don alwala, ku dubi ƙafarsa. Sannan ku bar ɗanku ya zauna da shi su kaɗai, ba babba a kusa, ya tambaye shi: ƙarfe nawa ake tashi? Su nawa suka fara, su nawa suka gama, sauran me ya fitar da su? Yaya ake yi da azumi in horo ya faɗo cikin Ramadan? In mutum ya yi rashin lafiya wa ke duba shi? Yaushe ake barin a kira gida? Yaya na gaba suke yi da na baya? Abin da zai ji a rabin sa'ar nan ya fi duk abin da ya gani a bidiyon waya.

In an dawo gida kuma ziyarar ba ta ƙare ba. Kowane gari a yankinmu akwai 'yan mazan jiya. A kai yaro wurin wanda ya yi ritaya lafiya yana cin fanshonsa, a kuma kai shi wurin wanda ya dawo da rauni. In akwai matar marigayin soja da za ta yarda ta yi magana, uwar yaron ta je ta gaishe ta, ta ji daga bakinta.

Hira don karantawa a aji

Mutum biyu su tashi, ɗaya ya zama kawu, tsohon soja, ɗaya ya zama ɗan ƙanwarsa.

"Kawu, barka da hutawa. Inna ce ta ce in zo in gaya maka na cike fom."

"Madalla, ɗana. Zauna. Wanne ka cike, na Kaduna ko na Zariya?"

"Na soja dai, Kawu. Mai shagon ne ya cike mini."

"Ka rubuta JAMB bana?"

"A'a."

"To na Zariya ne, kurtu za ka shiga. Kiredit nawa gare ka?"

"Shida, har da lissafi da Turanci."

"Shekarunka fa?"

"Goma sha takwas da Sallar layya."

"Ashe kana da sauran dama. Ni igiya uku na ajiye aiki da ita, ban kuma yi da-na-sani ba, amma da ina da takardunka da ƙofar Kaduna na fara ƙwanƙwasawa. Babanka ya san shekara nawa za ka yi ba ka noma masa ba?"

"Ba mu yi maganar ba tukuna."

"To tashi mu je. Ka riƙo mini sandata."

Takardu da 'yan damfara

Fom ɗin shiga kurata kyauta ne, rundunar soja na nanata haka duk shekara. Abin da za ka biya kawai ladan mai shagon intanet. Na NDA akwai ɗan kuɗin da ake biya, ta hanyar da makarantar ta sanar, ba a hannun wani mutum ba. Duk wanda ya zo ya ce yana da wani oga a Abuja, a kawo kuɗin buhu goma a saya wa yaro gurbi, ɓarawo ne, ko da kaki ya zo. Mutane sun sayar da shanun huɗa, wasu sun jinginar da gona, suka ƙare da takardar bogi da aka kore su da ita daga bakin ƙofa.

Ku kula da shekarun haihuwa. Abin da ke kan takardar haihuwa, da na NIN, da na sakamakon jarrabawa, su zama ɗaya, haka ma jerin sunaye. Rage shekaru ko aron takardar wani yana iya wucewa a ranar farko, amma in aka gano, ko bayan shekaru ne, korar mutum ake yi. Takardar shaidar ƙaramar hukuma kuma a karɓe ta a sakatariyar ƙaramar hukumarku ta asali. Kafin ranar tantancewa a kai yaro asibiti a duba idonsa da jininsa da hawan jini, a ga ko yana da ƙaba ko ciwon hanta, don kada a kashe kuɗin mota a je a ji abin da za a iya ji a gida. Ya kuma fara gudun safe tun da watanni, ba saura mako guda ba.

Aikin gida

Rubuta sunayen ƙofofi uku daga cikin waɗanda muka karanta, ka faɗi garin da kowace take da muƙamin da ake fitowa da shi.

Yarinya ta shiga NDA ɓangaren sojan ƙasa tana da shekara 17. Shekarunta nawa ranar da za ta fito? In ta yi shekara 15 a bakin aiki, nawa za ta kai?

Lissafa kuɗin mota na mutum biyu daga garinku zuwa Zariya da dawowa, a farashin wannan makon, ka mayar da shi tiyoyin masara.

Kafin zama na gaba, kowa ya nemi tsohon soja ɗaya a unguwarsu ko ƙauyensu, ya gaishe shi, ya tambaye shi ta wace ƙofa ya shiga, ina da ina aka kai shi, kuma sau nawa ya yi Sallah a gida a shekarunsa goma na farko. A rubuto amsar cikin jimla biyar, ba tare da an sa sunansa ba, za mu karanta a aji.